Ƙwayar Gyaɗa a Ƙirjin Kuluwa

Ku gyara zama. Babu dodo a wannan labarin. Abin da ya girgiza gida guda bai kai kan ɗan yatsa girma ba.

A wani ƙauye na bakin gulbi an yi wata mata, Tabawa, mai 'ya 'yar shekara biyu ana ce mata Kuluwa, ga kuma tsohon ciki. Yayyenta maza uku ne: Zubairu mahauci, Hudu mai gyaran rediyo, da Ilu mai fito da kwalekwale.

Ran nan mata na ɓarar gyaɗa a tsakar gida, Ilu ya damƙa wa Kuluwa 'yan ƙwayoyi, ya hau yi mata cakulkuli. Tana cikin ƙyalƙyala dariya sai dariyar ta yanke. Ba kuka, ba tari, leɓɓanta suka fara duhu. Tabawa ta sure ta, ta ji jikin ya saki. Wata na hura mata tsakar ka, wata ta ruga ɗebo ruwa, sauran suka shiga ba da shawara, abin da ba a taɓa rasawa a gidan ba.

Zubairu ya faɗo gidan, ya fizge yarinyar, ya kifa ta a cinyarsa kai ƙasa, ya bubbuga tsakanin kafaɗunta da hannun da ya saba da ƙashin shanu.

"Yaya, za ka karya min ita!" in ji Tabawa.

Kuluwa ta ja numfashi, ta tsala ihu. Gyaɗar dai ba ta fito ba. Mata suka ce ai ta haɗiye, aka koma ɓara.

Tabawa kaɗai ce hankalinta ya ƙi kwanciya. Tari ya kama yarinyar, zazzaɓi ya biyo baya. Aka ce mura ce, aka yi ta ɗura mata zuma. Da Hudu ya zo dubiya, ya kara kunnensa a ƙirjinta, hagu sannan dama, ya daɗe.

"Nan gefen yana kamawa sarai," ya ce. "Wannan kuwa wani siririn usur yake yi. Tabawa, gyaɗar nan tana ciki."

"Malam Hudu, yarinya ce fa, ba rediyo ba," in ji mijin Tabawa.

Hudu ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ce ba zai tashi ba sai an tafi asibiti.

Asibitin kuwa yana ƙetaren gulbi, ga ruwan ƙarshen damina ya kawo har ya shanye gaɓa. Duk masu fito sun ɗaure jiragensu. Ilu ya kwance nasa. Tabawa ta zauna a tsakiya, tafinta a ƙirjin Kuluwa, duk numfashin da ya fita sai ta jira ta ga ko wani zai biyo shi. A tsakiyar ruwa gorar tuƙi ta daina taɓa ƙasa, jirgin ya juya gefe ya fara shan ruwa. Ilu ya tuƙa har tafukansa suka sale, suka kai gaci.

Likita ta zura siririn bututu mai fitila, ta zaro ɓarin gyaɗa da ya kumbura. Ta ce bugun Zubairu ne ya buɗe wa iska hanya, shi ne kuma ya tura gyaɗar can ƙasa. Da an ƙara jinkiri, da huhun ya lalace.

Bayan an sallame su Tabawa ta haifi namiji. Mijinta, wanda tun daga ranar ya rage magana a kan rediyo, ya ce ta zaɓi yayan da za a yi wa takwara. Likitar mace ce, don haka ta kuɓuta daga rigimar.

Ga Zubairu da ya dawo da numfashi ya bar gyaɗar a ciki. Ga Hudu da bai yi komai ba sai saurare da taurin kai. Ga Ilu da ya sayar da ransa a gulbi, shi ne kuma ya ba da gyaɗar tun farko. Jibi suna, har yanzu Tabawa na ta auna su ukun.

To, ku da kuke zaune, sunan wa za a raɗa wa jaririn?