Saiwar da Sarki Ya Hana Talakawa

An ce wani sarki aka taɓa yi a ƙasar Sin, can wajen duwatsun arewa, wanda Allah ya ba mulki da ƙarfin jiki, ya kuma jarrabe shi da tsoron tsufa. Ranar da ya ga furfurar farko a gemunsa, ya tara masu maganin fada ya tambaye su abin da ke tsawaita kwana. Suka ce ba su san abin da ya kai jinsan ba. Wata saiwa ce mai tsirowa a inuwar manyan itatuwa, siffarta kamar ta mutum, da ƙafafu da hannuwa. Mutanen ƙasar kan dafa ta su ba wanda jini ya ƙare masa, ko wanda doguwar jinya ta cinye, sai ƙarfinsa ya dawo. Da sarki ya ji haka, sai ya sa aka yi shela cewa duk jinsan da aka haƙa a ƙasarsa na fada ne, wanda kuwa aka kama da ko sili ɗaya, hukuncinsa bulala ɗari da kurkuku.

To, a wani ƙauye da ke gindin dutse akwai wata tsohuwa mai magani, ana kiranta Gan Suyin. Ta gaji sana'ar daga mahaifinta. Yatsu uku take ɗorawa a wuyan hannun majinyaci, ta dubi harshensa, sai ta faɗa masa abin da ke damunsa tun bai buɗe baki ba. Mace ce mai kaifin harshe, ba ta iya lallashi ba, amma rabin mutanen ƙauyen a hannunta aka haife su.

Maƙwabcinta Tiyeshan mahaƙin saiwa ne. A kakar wata shekara matarsa Hulan ta haihu, jini ya ɓalle mata. Suyin ta yi dabara ta tsayar da shi, amma da ta taɓa hannun yarinyar sai ta ji jijiyar na bugawa kamar zaren gizo-gizo. Ta ce wa Tiyeshan babu abin da zai ɗaga matarsa sai jinsan. Shi kuwa yana da guda ɗaya, wadda ya yi kwana arba'in a dawa kafin ya same ta, bai riga ya kai ta fada ba. Bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauko ya miƙa mata.

Tukunya na kan wuta dogarai suka shigo. Suyin ta tsaya a bakin murhu, ta nuna musu mai jego a kwance, ta roƙe su su bari ko kofi ɗaya ta sha. Babbansu ya ce shi umarni aka ba shi, ba jinya ba. Ya sa cokali ya tsamo saiwar, ya tuntsurar da ruwan a ƙasa. Aka yi wa Tiyeshan bulala a ƙofar gidansa, aka tafi da shi a ɗaure. Kwana uku bayan haka Hulan ta cika, ta bar jaririya a cinyar tsohuwa.

Suyin ba ta yi kuka ba.  Duk lokacin da ta ɗura wa jaririyar nonon akuya, sai ta tuna ruwan maganin nan yana bin ƙasa, ta ji haƙoranta na cizon juna.

Bayan wata biyar labari ya bazu cewa sarki ba shi da lafiya. Fuskarsa ta yi jajur, haɓo ba ya tsaya masa, barci ya ƙaurace masa, cikinsa ya ɗaure, fushi kuwa ko ƙuda ya gifta sai ya sa a kama wani. Masu maganin fada sun san dalili, amma wa zai ce wa sarki saiwarsa ce? Sai suka riƙa ƙara masa ita, yana sha safe da rana da yamma. Da Suyin ta ji alamun ciwon daga bakin wani falke, ta bar jaririyar wurin ƙanwarta, ta ɗauki sandarta, ta yi tafiyar kwana shida zuwa birni.

Waziri ya dube ta sama da ƙasa, ya ga takalmin ciyawa da riga mai faci, ya gargaɗe ta cewa masu magani huɗu na kurkuku saboda sun kasa. Ta ce ta ji, a kai ta.

Ta sami sarki a kishingiɗe da ƙyalle a hanci. Ta yi gaisuwa gajeriya, ta nemi hannunsa. Jijiyarsa na dukan yatsunta kamar ganga. Ta dubi harshensa, ja ne da rawayan datti a kai. Sarki ya tambaye ta da izgili ko ta zo da saiwar da ta fi tasa.

Ta ce, "Ya sarki, ban zo da komai ba sai wata shari'a da ta gagari ƙauyenmu. In ka yanke mini ita, zan faɗa maka ciwonka."

Waziri ya yunƙura zai tsawata mata, sarki ya ɗaga masa hannu, domin yana alfahari da iya hukunci.

Ta ce, "Wani maigida ne yake da ludayin mai guda ɗaya, yana hannun baransa. A ɗakinsa murhu na ci bal-bal, a ɗakin baransa fitila na shirin mutuwa. Ina ya kamata ya zuba man?"

Sarki ya ce, "Wannan ai ba shari'a ba ce. A fitila."

"To, ya ƙwace man daga hannun baran, ya zuba a murhu. Fitila ta mutu, wuta kuma ta kama rufin ɗakinsa. Yanzu yana neman wanda zai hukunta. Wa ke da laifi, man ko baran?"

"Babu ɗaya," in ji sarki. "Maigidan nan wawa ne, kuma azzalumi. Da a gabana yake, da na sa shi ya durƙusa wa baran."

Suyin ta saki hannunsa. 

Ta ce, "Ya sarki, jinsan mai ne. Yana tayar da wanda ya yi sanyi, yana ƙona wanda ke da zafi. Kai jikinka cike yake da ƙarfi, ka yi ta ɗura masa wuta har jini na neman hanyar fita ta hancinka. Ita kuwa fitilar, sunanta Hulan, shekarunta goma sha tara. Dogaranka sun tsame saiwar daga tukunyarta tana kallo. Mijinta na cikin kurkukunka da bayansa a farfashe. Wannan ne ciwonka, kuma da bakinka ka yanke hukuncinsa."

 Dogarai suka dafa takubba suna jiran ƙiftawar ido. Sarki ya miƙe zaune, jijiyoyin wuyansa suka tashi, sai ga jini ya sake ɓarkewa ya ɓata masa riga. Ya dubi jinin, ya juya ga babban mai maganin fada ya tambaye shi ko gaskiya tsohuwar ta faɗa. Mutumin ya faɗi ƙasa, ya ce tun wata huɗu suka sani.

 Daga nan sarki ya tambayi Suyin magani. Ta ce ya bar jinsan, ya sha wata saiwa rawaya mai ɗaci da talakawa ke wanke ciki da ita, wadda ke fitowa a bayan kowace danga. Ya sha kwana uku, cikinsa ya saki, haɓo ya tsaya, ya yi barcin da ya rabu da shi tun hunturu.

Da ya tashi, ya sa aka buɗe rumbun jinsan a gabansa. Suyin na tsaye aka kwance buhunan. Fiye da rabi sun yi fumfuna, tsutsa na yawo a ciki. Ta ɗebo hannu guda ta miƙa masa, ta ce wannan da ya isa mata goma irin Hulan. Sarki bai iya karɓa ba.

Ya soke dokar a ranar, ya saki masu maganin da ya ɗaure, ya raba abin da ya rage ga ungozomomin ƙasar. Aka kawo Tiyeshan yana ɗingishi. Sarki ya sauko daga karaga, ya durƙusa a gabansa kan idon fadawa, ya nemi gafara. Tiyeshan ya dube shi, bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya juya ga tsohuwa ya tambaye ta ko 'yarsa na raye. Ta ce tana raye, har ta fara zama.

Da za su fita, sarki ya ce, "Ya tsohuwa, yanzu na yi adalci?"

Ta ce, "Ka yi wa waɗanda suka rage, ya sarki. Wadda na zo dominta ba ta ji ba."

Sarki ya sunkuyar da kai. An ce daga ranar bai ƙara barin ƙara ta kwana a fadarsa ba, kuma ya sa aka sassaƙa a ƙofar majalisarsa: adalci magani ne, ba ya aiki sai an ba da shi mai ciwo na da sauran numfashi.