Ƙasar Madugu a Lambun Tabawa

An ce wai a wani gari mai tudu da kwari an yi wani alƙali, Malam Sambo, mutum mai sanyin magana, wanda ba a gane inda ya dosa sai ya isa. A garin kuwa akwai wani attajiri, Madugu Jatau, wanda fatauci ya karɓe shi, ya ƙudura gina gidan da za a riƙa hangowa tun daga bakin kasuwa. Ya sayi fili a kan tudu, ya sa aka sare itatuwa, aka kankare ciyawa har wurin ya yi tas. Ƙasar garin ma ya raina ta, sai da jakuna suka yi ta jigilar jar ƙasa daga nesa, aka tara ta tsibi guda.

A gindin tudun akwai lambun wata tsohuwa mai suna Tabawa. Da albasa da yakuwar lambun nan take ci da jikokinta marayu, ba ta da wani abu bayansa.

Sarkin magina ya ba Madugu shawara a jinkirta, ko kuwa a yi wa ruwa hanya tun damina ba ta kankama ba. Madugu ya ce shi bai saba jiran gajimare ba. Ruwan farko da ya sauka da ƙarfi bai sami saiwa ko ciyawar da za ta tare shi ba, sai ya yanko tudun ya yi kwazazzabo, ya kwashe rabin jar ƙasar nan ya shimfiɗe ta a kan lambun. Da Tabawa ta zo, ko ganye ɗaya ba ta gani ba. Ta zauna a bakin shinge ta yi kuka mai isarta, sannan ta ɗauki sandarta ta nufi wurin alƙali.

Aka kira Madugu, ya zo yana baza babbar riga. Ya ce ai shi bai aiki ruwa ba, ruwa na Allah ne, kuma tun da aka halicci duniya gangara yake bi. Alƙali ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, har zuciyar tsohuwa ta karaya. Ya dube ta ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, ba a ƙarar ruwan sama. Amma tunda Allah ne ya sauke miki wannan ƙasa, ta zama rabonki. Ki sa a yi miki tubali da ita, ki sayar wa magina."

Madugu bai san sa'ad da ya miƙe ba. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ƙasata ce fa. Jakunana ne suka ɗauko ta, kowa shaida ne."

Masu magana dai sun ce baki shi ke yanka wuya. Alƙali ya bar shi ya gama rantse-rantsensa, sannan ya ce, "Ashe tana da mai ita. To, Madugu, kowace shekara in an yi shuka, Sarki kan sa a yi shela cewa kowa ya ɗaure dabbarsa, wanda tasa ta shiga gonar wani shi zai biya ɓarna. Ba mu taɓa jin mai akuya ya ce yunwa ta Allah ce ba. Kai ka kwance ƙasar nan ranar da ka tumɓuke abin da zai riƙe ta, ka bar ta sake a bakin damina. Ta shiga lambun mutane ta yi ɓarna. Ka zo ka kore ta, ka biya abin da ta cinye, sannan ka ɗaure sauran."

Madugu ya tambaya cikin sanyin jiki yadda ake ɗaure ƙasa. Alƙali ya ce kada a ɗora tubali ko ɗaya sai an jera duwatsu a gicciye bisa gangaren, an dasa ciyawar jema a bayansu don saiwarta ta kama ƙasa, an rufe tsibin da zana, an kuma haƙa kududdufi a cikin filinsa inda ruwa zai tsaya laka ta kwanta kafin ya wuce.

Haka aka yi. Jakunan da suka hau da ƙasa cikin taƙama su ne suka yi ta sauka lambu suna kwaso ta, mutanen gari na kallo suna murmushi. Madugu ya ciyar da gidan Tabawa har lambun ya sake yin kore. Da ruwa na gaba ya sauka, tsohuwa ta tsaya a bakin shinge tana kallo, sai ta ga ya gangaro a hankali, garau, ya bi tsakanin kunyoyinta ya wuce.

Shi ya sa dattawan garin ke cewa, abin da ka kira naka ranar riba, naka ne ranar ɓarna, kuma wanda ya yi gini a tudu, amanar na kwari tana wuyansa.