Wardin Mai Babban Ɗaki

A zamanin da, a wata ƙasa mai yawan fatake, an yi wani sarki ana ce masa Barmo, wanda ba shi da abin so a duniya kamar mahaifiyarsa, Mai Babban Ɗaki. Ita kuwa tana da wani wardi mai yaɗo da fatake suka kawo mata daga gabas, ta dasa shi jikin katangar ɗakinta. In ya yi fure, har zauren fada ake jin ƙamshinsa.

Da tsohuwar ta rasu, Sarki ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya datse ko da reshe ɗaya na wardin nan, to a bakin hannunsa. Fadawa kuma, da yake ba a raba su da ƙarin gishiri, suka ɗaɗɗaure rassan suka miƙar da su sama sak, wai furen uwar Sarki ba ya sunkuyar da kai.

Shekara uku ana haka. Wardi ya cukurkuɗe, busassun rassa suka shaƙe ɗanyu, ganye ya koɗe, fure kuwa ko na magani. Malamai suka yi rubutu aka zuba a gindinsa, attajirai suka aiko da taki jaki-jaki, aka yi ta kwarara masa ruwa har wurin ya zama taɓo. Sarki ya bi ya rame, don gani yake uwarsa ce za ta sake mutuwa.

Akwai wata tsohuwar kuyanga, Tabawa, wadda ta goyi Sarki yana jariri. Wata safiya da sanyi ya fara ja baya, ta ɗauko 'yar wuƙar marigayiya, ta cire matattun rassa, ta rage masu gogar juna, ta kwance igiyoyin fadawa ta kwantar da dogayen rassan a kaikaice bisa katanga. Ba ta jira dogarai ba, ta ɗauko damin ƙayar a ka ta dire shi gaban Sarki.

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ga hannun. Gara in rasa shi da in zuba ido amanar uwar ɗakina ta bushe."

Idon Sarki ya kaɗa ya yi ja. Kafin ya buɗe baki Waziri Gwadabe ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce reshe in an yanke yana tohowa, hannu kuwa ba ya tohowa, saboda haka a jinkirta hukunci kwana arba'in. Sannan ya roƙi Sarki ya taka zuwa gindin wardin, ya nuna masa tsofaffin tabunan wuƙa da suka warke tun tuni, ya tambaye shi ko aikin wa ke nan. Tabawa ta ce ai kowace shekara marigayiya da hannunta take yi wa wardin wannan aski.

Kwana goma sai ga jajayen tofo. Kafin arba'in ta cika, kwantattun rassan nan sun fid da fure tun daga gindi har ƙarshe, ƙamshi ya koma zauren fada. Sarki ya shaƙa, ya yi kuka bai ɓoye ba, ya yi ta gode wa Allah.

Sai dai Alƙali ya ce magana zarar bunu ce, doka kuwa tana nan, an kuma karya ta a gaban shaidu. Sarki ya karɓi wuƙar daga hannun Tabawa, ya nemi wani ɗan busasshen reshe da ya rage, ya datse shi kowa na kallo.

Ya ce, "To Alƙali, masu laifi sun zama biyu. Da hannun wa za ka fara?"

Alƙali ya sunkuyar da kai, ya ce lalle dokar nan ita ma ta isa aski. Nan take aka soke ta. Sarki ya riƙe hannun Tabawa da hannuwansa biyu, ya ce, "Iya, wannan hannun ya goye ni, ya kuma dawo mini da uwata. Na gode."

Ita kuwa tsohuwa idonta na kan reshen. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka bar kututture. Matso da wuƙar ƙasa kaɗan, ka karkata ta. Haka marigayiya take yi."

Sarki Barmo ya durƙusa cikin ƙasa da rigarsa ta sarauta, ya gyara yankan. Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan.