Maƙwabtan Gwaggo Tasalla

Ruwan sama rahama ne, kuma babu mahaluƙin da ke da ikon cewa ga inda zai sauka. Inda zai bi bayan ya sauka kuwa, wannan maƙwabta ne ke shiryawa.

Ku gyara zama ku ji da kyau, don in na kai ƙarshe ku za ku yi shari'ar.

A wata tsohuwar unguwa da ake kira Bakin Kududdufi akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ana ce mata Gwaggo Tasalla. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, dangi kuma sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage mata a duniya gidan ƙasa ne mai ɗaki biyu, wanda take sa a yi wa yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka. Gidan ya ga damina da yawa bai ko tsage ba, domin waɗanda suka kafa unguwar sun bar wa ruwa hanyoyinsa. Na bayan gida yana gangarawa kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar ginin unguwar. Na tsakar gida yana bin rariya, 'yar kafar nan da ake bari a gindin katanga, ya ratsa gidan maƙwabci ya wuce. Haka al'adar take, na tudu ya miƙa wa na gangare, ba mai cewa wannan ruwan wane ne. Na ƙofar gida kuma ya bi kwata zuwa babban titi.

Sai Allah ya haɗa ta da maƙwabta uku, dukansu mutanen kirki, in su ka tambaya.

Na farko Alhaji Barau ne, ɗan kasuwar hatsi. Shi ya dubi kududdufin nan ya ga ɓarnar fili. Ya samo izini daga inda ake samowa, ya sa aka yi ta juye ƙasa da ɓaraguzai har ramin ya cika ya yi tozo, ya jera shaguna da sito a kai. Gwaggo ta dogara sandarta ta same shi yana duba magina.

"Alhaji, ruwan da ya saba kwana a nan fa, ina ka ce ya koma?"

"Haba Gwaggo, ruwa ai na Allah ne, Shi ya san inda zai kai abinsa."

"Ya sani kam. Ni ma na fara hasashe."

Alhaji ya yi dariya, ya sa aka bi ta da tiyar gero. Ba marowaci ba ne.

Na biyu Malam Isuhu ne, tsohon malamin asibiti, mutumin da ke wanke hannu kafin ya gaisa da kai, ya kuma wanke bayan kun gaisa. Ta gidansa rariyar Gwaggo ke bi. Da ya yi ritaya sai ya rushe ginin ƙasa ya tayar da na bulo, ya ɗaga daɓe, ya sa aka liƙe rariyar da siminti. Hujjarsa ta ilimi ce, ruwan ƙazanta na kawo sauro, sauro na kawo zazzaɓi.

"Isuhu, rariyar nan ta girmi mahaifinka."

"Shi ya sa ya kamata ta huta, Gwaggo. Kin san irin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan nan?"

"Ban san su ba. Amma tunda yanzu wurina za su zauna, ma saba."

Ya ba ta gidan sauro sabo fil a leda.

Na uku Ɗanliti ne, dillalin rake, gidansa na kallon nata. Shi bai cike komai ba, bai liƙe komai ba. Abin da rabin gari ke yi shi yake yi, sai dai nasa ya fi yawa. Yakan tara ɓawon rake da tuƙa a buhuna, da zarar hadari ya haɗo an fara yayyafi sai ya zazzage su a kwata, ruwa ya tafi da su. Ruwa ya yi masa wannan dako shekara da shekaru ba ko sannu, har kwalbatin bakin titi ya cushe.

"Ɗanliti, ka mai da kwatar nan jakinka."

"Gwaggo, in ban zuba ba wani zai zuba. Gara ni da kika sani."

Ya saro mata rake mai kyau, ya manta ba ta da haƙora.

Ta kai kuka wurin mai unguwa, ya ce za a zauna. Ana cikin shirin zama marka ta kankama.

Wata Laraba bayan azahar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya nufi kududdufi ya tarar da shaguna. Ya nufi rariya ya tarar da siminti. Ya nufi kwata ya tarar da tuƙar rake. Shi ruwa ba ya musu da kowa, sai ya juyo ya taru a wuri ɗaya tak da ya rage mai kwari a unguwar, wato tsakar gidan Gwaggo. Ya jiƙa gindin katanga, katanga ta zauna, ta danne ƙofar ɗakin da tsohuwar take ciki. Kafin la'asar ruwa ya kai ƙirji, azarar rufi ta fara saki. Mutane suka cika kan katangu da rufin shaguna suna salati, masu waya suna ɗaukar hoto.

A duk unguwar Ɗanliti kaɗai ya iya iyo, don a kududdufin ya koya tun ana kiransa kududdufi. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ɗauki addarsa ta saran rake, ya faɗa cikin ruwan da ke juyi da kwalabe da itace da abin da ba a faɗa. Ya fasa taga da adda, ya nutse cikin ɗakin yana lalube har hannunsa ya kamo zane. Ya fito da ita a kafaɗa, yana barin wurin rufin ya rufta a bayansa. Wani tsohon kwanon rufi ya tsarge masa cinya, har yau da ɗingishi yake tafiya. Ba don shi ba, da sai dai a tono ta.

Sai dai abin da ya shimfiɗe a barandar Malam Isuhu, wadda tsayinta ya bar ta a bushe, bai yi kama da mai rai ba. Babu numfashi. Mata suka fara kuka, wani ya ce a kawo zane a rufe ta. Malam Isuhu ya kore su duka. Ya durƙusa da farar rigarsa, ya sa yatsa ya kwashe taɓon da ke bakinta, ya yi ta danna mata ƙirji yana hura mata iska baki da baki, mutumin da ba ya shan ruwa a kofin wani. Hannuwansa suka mutu, dattawa na cewa ya ji tsoron Allah ya ƙyale gawa ta huta, bai ko ɗago kai ba. Can sai ta yi tari, ta amayar da ruwa, ta ja numfashi. Ba don shi ba, da gawa Ɗanliti ya sha wahalar ɗaukowa.

Malam Isuhu ya taɓa cikinta ya ce katanga ta buge ta, jini na zuba ta ciki, in ba a kai ta asibiti yanzu ba duk aikin banza aka yi. Asibitin na hayin babban titi, titin kuwa ya zama kogi, ya riga ya kifar da ƙananan motocin da suka gwada shi. Mota ɗaya ce mai tsayin da za ta iya, babbar motar Alhaji Barau da ke ƙofar sito cike da masara. Direbanta ya ce shi yana da iyali. Alhaji ya tuɓe babbar riga ya hau da kansa, rabonsa da sitiyari tun yana saurayi. Ruwa na dukan ƙofa, motar na karkata tana miƙewa, haka ya ratsa da ita. Injin ya sha ruwa ya mutu daidai ƙofar asibiti, bai sake tashi ba, masarar kuma ta jiƙe har ta yi tsiro a cikin buhunanta. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da ba abin da zai iya. Ba don Alhaji ba, da numfashin da aka dawo da shi bai kai magariba ba.

Gwaggo ta warke, da sanda biyu maimakon ɗaya. Gida kuwa babu, sai kango, tarin laka da karyayyun azara da fasassun tukwanen daddawa, koren ruwa kwance a tsakiya kwaɗi na biki. Mai unguwa ya sauke ta a ɗakin baƙinsa, sannan aka samu damar yin zaman nan. Ba a tayar da zancen kududdufi ko rariya ko kwata ba, don dattawa sun ce ba ranar tone-tone ba ce, ambaliya kuma ƙaddara ce. Aka yi wa mazaje uku addu'a mai tsawo. Daga nan mai unguwa ya kawo shawara. Tunda Gwaggo ba ta da ƙarfin gini kuma ba ta da magaji, ta bayar da kangon kyauta ga wanda ya ceci ranta, shi kuma ya ba ta ɗaki da abinci har ƙarshen kwananta.

Tun bai rufe baki ba dukansu suka amsa. Ɗanliti ya nuna tabon cinyarsa, ya ce shi ransa ya sa. Malam Isuhu ya ce fito da mutum daga ruwa daban, dawo masa da numfashi daban. Alhaji Barau ya ce shi ba zai ce komai a kan motarsa ba, ya kuma yi ta maimaita cewa ba zai ce ba.

Gwaggo ta gyara sandunanta ta ce, "Ranka ya daɗe, ni gidana nake so."

Malam Isuhu ya amsa da tausasawa, "Gwaggo, wurin nan ai ba ya zaunuwa yanzu. Ke ma kin gani, matattarar ruwa ce."

"Na gani, Isuhu. Daga ciki ma na gani."

Mai unguwa ya ce, "To ki zaɓi ɗaya, Gwaggo, a wuce wurin."

"Yaya zan raba su? Tun da nake ban taɓa ganin maƙwabta masu haɗin kai irin waɗannan ba. Tare suka sa ni a ruwa, tare suka fitar da ni."

Jama'a suka ji rabin maganar na ƙarshe, suka ce masha Allah.

Har yanzu tana ɗakin baƙin mai unguwa, ba ta zaɓa ba, ga wata daminar na tafe. Su ukun kuwa ba su zauna haka nan ba. Kowannensu, ba da sanin ɗan'uwansa ba, ya riga ya yi magana da mai tifa a kan ƙasar da za a cike kangon da ita. Mai tifar guda ne.

To, ku da kuka ji, wane ne a cikinsu ya fi cancanta a ba shi kangon, wanda ya fito da ita daga ruwa, ko wanda ya dawo mata da numfashi, ko wanda ya kai ta asibiti?