Rakiyar Kachala

An yi wani sarki, Nagudu, wanda arzikin ƙasarsa kaf ya rataya a kan wata fadama mai kifi da shinkafa. Mahaifinsa ya bar masa wata doka, shi kuwa ya rantse ranar naɗinsa ba zai sauya ta ba: duk wanda ya yanki tsiron fadama, a karɓe jirginsa, a kore shi daga ƙasar.

Ana nan sai ga kachala, wata doguwar ciyawa marar kunya, ta toshe hanyoyin ruwa, ta shaƙe bado, ta kori kifi, ta kuma ba tsuntsayen jan-baki wurin kwana, suna fitowa su yi wa shinkafa kaca-kaca. Kowa na tsaki, ba mai ɗaga lauje, domin doka ta yi mata inuwa. Kai, ni ban taɓa jin ciyawa 'yar gata irin wannan ba!

Wani masunci, Barau, da yunwa ta ishi iyalinsa, ya sheme kachalar da ta tare masa hanya. Dogarai suka yi ram da shi. Abin ya dami sarki ƙwarai, ya kira Alƙali Ukashatu, ya ce, "Allah ya gafarta malam, in na kori Barau na yi zalunci, in na sake shi na karya rantsuwa. Nemo mana mafita, in babu, sai dai ya tafi."

Alƙali ya gyara zama, ya tambayi dattawa ko akwai kachala a zamanin marigayi. Suka ce babu ko mai kama da ita.

Ya ce, "Ashe baƙuwa ce. Al'adar ƙasar nan kuwa, Allah ya ba ka nasara, baƙo ba ya kwana sai da mai masauki, wanda zai ɗauki alhakin ɓarnarsa, ya kuma raka shi har bakin iyaka. To, wa ya sauke ta?"

Fadawa suka duƙufa kallon yatsun ƙafarsu. Can sai Barau ya yi gyaran murya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban ga komai ba, amma a jirgina aka haye da tukunyar da aka kawo ta a ciki."

Gumi ya keto wa sarki. Ashe shi ne ya gano kachalar a wata tafiya, tsayinta ya burge shi, ya sa aka dasa a bakin ruwa, fadawan nan kuwa har kirari suka yi mata.

Alƙali ya ce cikin ladabi, "Shari'a ta ƙare ke nan. Dokar marigayi 'yan gida ta kare. Barau kuwa rakiyar baƙuwarka ya soma a madadinka, ganin hidimomi sun yi maka yawa. Saura ka ƙarasa."

Sarki ya yi dariya har da hawaye, ya naɗe wando, ya karɓi lauje, ya faɗa taɓo. Da yake ba ya halatta sarki ya jiƙe bafade yana bushe, dole suka bi shi da manyan rigunansu, Waziri na salati yana cizge matsattsaku daga ƙwaurinsa. Barau kuwa yana harɗe a jirginsa, yana cewa, "Ƙasa-ƙasa, ranka ya daɗe, yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kada ta dawo gaishe ka!"

Kafin kaka ruwa ya buɗe, kifi ya dawo. Sarki ya ƙara wa dokar sharaɗi, cewa duk wanda ya kawo baƙon tsiro fadama, shi zai raka shi da laujensa. Ya ba Barau sabuwar komar kamun kifi, ya yafa wa alƙali alkyabbarsa, yana sosa cizon matsattsaku, ya ce, "Ku shaida, adalcin da bai iya jiƙa ƙafar sarki, bai cancanci taɓa jirgin talaka ba."