Taimama a Bakin Rafi

An yi wani sarki ana ce masa Jatau, mai haƙurin sauraro, wanda ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa. A birninsa akwai wani attajiri, Alhaji Cindo, mai babbar majema a bakin rafi, inda ake jeme fata a ɗinka takalma, kuma duk ƙasar babu takalmin da ya kai nasa kyau, balle araha.

Ana nan sai matan gari suka daina sayen kayansa. Uwa za ta zo da ɗiyarta, ta wuce rumfarsa, ta je ta sayi mai tsada a wurin wani. Da abin ya ishe shi, sai ya tafi fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wata tsohuwa mai daddawa, Tabawa, ita ke bi gida gida tana ɓata mini suna. Ina roƙo a kore ta daga kasuwa."

Sarki ya dubi Waziri Mamuda ya ce, "Waziri, ban taɓa ganin mace ta bar araha ta bi tsada haka kawai ba. In ƙazafi ne, tsohuwa ta bar mana kasuwa. Amma da me za mu rarrabe ƙazafi da shaida, alhali duka a baki suke yawo?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙazafi bai san wanda ya haife shi ba, shaida kuwa tana iya nuna ƙofar gidansu. A tambaye ta asalin maganarta."

Aka zo da Tabawa, riƙe da buta, ta durƙusa ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ni ban san fiƙihu ba, daddawa na sani. 'Yata tana aure a Kwarin Kuka, inda rafin nan ke gangarawa bayan ya wuce majemar Alhaji. Ita ta fara gaya mini ruwansu ya ɓaci. Ban ɗauka ba, don 'yata ce, kuma tun tana ƙarama akwai ta da ƙarin gishiri. A gidajen suna muka yi ƙa'ida, mu mata: ba a yaɗa magana kan mai sana'a sai uku daga gida uku sun je sun gani da idonsu. Wadda ta ce an ce, sai mu ce mata wa ya ce. To, mu uku mun je Kwarin Kuka mun gani."

Alhaji Cindo ya ce, "Ai har cewa kuka yi fatar mushe nake ɗinkawa!"

Ta ce, "Haba Alhaji, wannan ai mu muka kashe ta. Mun bi har mahauta, muka tarar ƙarya ce, muka shaida wa kowa. Da ƙiyayya ce da mun bar ta ta yi ta yawo."

Alhaji kuwa bai san da wannan ba. Ana haka aka kira azahar. Tabawa ta tura masa butar ta ce, "Ga ruwan Kwarin Kuka, na ɗebo da safe. Bismilla, yi alwala."

Ya zuba a tafinsa, sai ga ruwa ja-ja-ja, yana warin jima. Ya ce, "Iya, ruwan da launinsa da ƙanshinsa suka sauya ai ba ya alwala."

Ta ce, "Haka limaminsu ya ce. Shi ya sa da idona na ga dattawa suna taimama, ga rafi yana gudu a gabansu. Ka ji abin da ya hana mu sayen takalminka. Arahar da muke samu, a can ake biyan ta."

Alhaji Cindo, kun san ba mugu ba ne, rashin waiwaye ne kawai irin na mai ciniki. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Astagfirullah. Shekara nawa ina jima, ban taɓa bin ruwan na ga inda yake zuwa ba."

Sarki ya umarce shi ya haƙa ramuka nesa da rafi don ruwan jima, ya kuma gina wa Kwarin Kuka rijiya. Bayan damina mata uku suka sake zuwa suka duba, suka dawo suka ce rafi ya washe, rumfar Alhaji ta sake cika, ko da yake takalmin ya ɗan ƙara kuɗi kuma babu wadda ta yi ƙorafi.

Sarki ya ba Waziri alkyabba, ya ba Tabawa rumfa a tsakiyar kasuwa da iznin shiga fada duk ranar da mata suka gano wani abu, alheri ne ko akasinsa. Sa'an nan ya ce, "Adalci ba ya ƙarewa tsakanin mai saye da mai sayarwa, sai ya kai ga wanda ke shan ruwa a ƙasan rafi."