Jitar Hambali da tafiyar shanun Malam Buba

Akwai wani tela a kasuwar Birnin Kudu mai suna Hambali. A shekarun da arzikin man fetur ya fara shigowa, kowane saurayi ya sayi rediyo ko keke, shi kuwa gogan naku jita ya sayo a Kano.

Ba don gayu ya saye ta ba. Mahaifinsa Malam Buba tsohon makiyayi ne a wata ruga kusa da Gwaram. Yana da wani sauti da yake busa wa shanunsa da sarewa in za su koma gida da yamma. Tsufa ya zo, ido ya tafi, numfashi ya gaza, sarewa ta gagare shi. Wata rana ya ce, "Ina ma in sake jin sautin nan ko sau ɗaya kafin Allah ya karɓi abinsa."

Hambali ya ce zai fitar masa da shi a jita.

To, kun san sabon shiga. Sai ya ajiye agogon hannu a kan keken ɗinki, yana kaɗa tsirkiya yana ƙirgawa. Makon farko bugu sittin a minti ɗaya. Bayan wata uku ya kai ɗari da hamsin. Kai, zo ku ga fankama! Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha labari.

Ran nan ya hau mota zuwa Gwaram, ya zauna gaban tsohon, ya saki yatsu kamar ana yayyafi a kan kwano. Da ya gama, Malam Buba ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Wannan kiɗan na mutanen ina ne?"

Wallahi sai da Hambali ya ji kamar ya nutse don kunya.

Yayarsa Hapsatu ta ja shi bayan ɗaki. "Kai da wa kake tsere?"

"Yaya, ɗari da hamsin fa nake yi!"

"Ka taɓa ganin saniya ta ƙoshi tana gudu? Je ka bi shanu in za su koma gida yau."

Da la'asar sakaliya ya rataya jita ya bi garken ƙanen babansu. Rana ta yi ja, ƙamshin ɗanyar ciyawa ya cika daji, balbelu suna tafe a gefe. Babbar saniyar da ke gaba tana taku tana rangaji, ba abin da ya dame ta. Ya fara sauke yatsa duk lokacin da ta sauke ƙafa. Hannunsa yana ta son ya ruga, yana danne shi. Kwana tara yana bin su.

A rana ta goma ya sake zama gaban mahaifinsa, ya fara a hankali.

Tsohon ya ɗago kai. Ya laluba ya kama sandarsa, ya miƙe tsaye, abin da ya yi wata biyu bai yi ba. Hawaye na zuba, ya juya wajen ƙofa yana kiran shanun da suka mutu shekara ashirin da suka wuce, kowace da sunanta.

"Hapsatu," ya ce, "buɗe musu shinge, ga su nan sun dawo."

Darasi: Sauri ba shi ne gwaninta ba. Kafin ka auna yawan abin da kake yi, fara sanin don wa kake yin sa, ka bi takunsa. Ku tura wa wani mai gaggawa, wataƙila ya sassauta.